Na je jiran gidan facalata na tarar da kuɗin cizo: in faɗa mata ko in ja bakina?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan cikin Katsina, 'ya'yana biyu, ƙaramar tana goye. Yayan mijina da matarsa sun tafi aikin Hajji bana. Babban ɗansu yana makarantar kwana, ƙananan an kai su Daura wurin kakarsu, mu kuma aka ce mu dawo gidan mu zauna saboda ɓarayi. Gida ne babba na zamani, ba irin ciki da falon da muke haya ba. To Anti, abin da na tarar ya ɗaure mini kai. Tukwane jibge ba wanki, kicin da dare duk kyankyasai, sito kashin ɓera har cikin buhun shinkafa, katin wuta ya ƙare naman firiza ya ruɓe, gara ta kama katakon ƙofar ɗakin baƙi. Wanda ya fi tayar mini da hankali, ɗakin yara da aka ba mu, tun daren farko jikin 'yata ya yi rudu-rudu, da na ɗaga katifa sai ga kuɗin cizo. Ita kuwa facalar tawa mace ce mai ji da kanta, kullum cikin turare, ta sha yi mini habaici a kan ɗakina. Mijina ya ce in yi shiru kada in haɗa shi da yayansa. Ƙanwata ta ce in ɗauki hoto in tura wa Hajiya, uwar mazajenmu, ta ga wadda ake yabo. In na yi shiru ina tsoron a ce ni na kawo musu, in na faɗa a ce raini ne. Ga shi saura kwana kaɗan hawan Arfa. Ya zan yi?

Wata baiwar Allah, daga Katsina

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba yarinya lafiya, ya dawo mana da alhazanmu lami lafiya.

Ki faɗa mata. Shirun da mijinki yake so ba zai rufa wa kowa asiri ba, jinkirta tonuwarsa kawai zai yi, kuma ranar da ya tonu a kanki zai tonu. Amma kafin ki ɗauki waya, ki raba kayan nan da kika zube mini gida biyu. Akwai abin da yake cin gidan yanzu haka, muna magana yana ƙaruwa, wato kuɗin cizo da ɓera da gara da naman da ya ruɓe. Akwai kuma yadda matar gida take tafiyar da gidanta, irin su tukwanen da ba a wanke ba. Na farkon amana ce a wuyanki, dole masu gida su ji. Na biyun kuwa ba hurumin ki ba ne, don mabuɗi aka ba ki ki tsare gida, ba a ɗauke ki aikin duba-gari ba. Iyayenmu suna ba da labarin duba-garin da, wanda yake bi gida-gida yana leƙa randa da masai da kwata, in ya ga tsutsa a ruwa a ci mai gida tara. Shi hukuma ce ta aiko shi. Ke yarda ce ta shigar da ke, kuma wanda yarda ta shigar ɗaki ba ya fitowa da rahoto.

Bari in taɓa abin da ba ki tambaye ni ba. Na lura da inda kika tsaya kika ba ni labarin turarenta da habaicinta. Ban ga laifinki ba. Wadda aka daɗe ana yi wa gorin ɗakin haya, in ta shiga babban gida ta ga kashin ɓera a shinkafa, dole wani abu ya yi mata sanyi a rai. Sai dai wannan sanyin shi ne zai ɓata miki magana in ba ki kashe shi ba tukuna. Mace in tana jin daɗin abin da take faɗa, ko ta waya ana ganewa, balle facala, wadda kunnenta yake a miƙe tun kafin ki gama sallama. Shawarar ƙanwarki kuwa ki ajiye ta can nesa. Hoton nan in ya shiga wayar Hajiya da hantsi, kafin la'asar ya isa Daura, ya shiga wayar duk wata gwaggo da inna, kuma daga ranar an bar maganar kuɗin cizo ke nan, an koma maganar wadda aka ba amanar gida ta bi shi lungu-lungu tana ɗaukar hoto. Aya ɗaya ce, ta 12 a Suratul Hujurati, ta hana bin diddigin asirin mutane ta kuma hana giba, a jere suka zo. Dabarar ƙanwarki ta haɗa su duka biyun.

Tukwanen ma ki yi musu uzuri. Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci ya san yadda makon ƙarshe yake. Gida cike da masu zuwa sallama, ana dafawa ana ci, ga bita, ga haɗa kaya, sai kawai cikin dare a yi kira a ce kowa ya hallara a sansanin alhazai, jirgi ya zo. Mace ta fita da jaka a hannu tana hawaye tana neman yafiyar mutane, ba ta tukunya take ba. Na san akwai dattin da ba na mako ɗaya ba ne, ido yana ganewa. Ko shi ɗin, ki wanke abin da za ki yi amfani da shi, ki share inda za ki zauna. In kin ga za ki iya gyara kicin ɗin gaba ɗaya don Allah, ki gyara, amma da sharaɗin ba za ki taɓa ambatarsa ba, ko da wasa, ko bayan shekara goma in an sami saɓani a gidan biki. In kin san bakinki ba zai riƙe ba, gara kada ki fara. Kuma kada ki sake mata tsarin kaya. Ba matar da take son ta dawo kicin ɗinta ta yi ta neman inda aka kai mata gishiri.

To, kuɗin cizon. Mutanenmu sun ɗauke shi shaidar ƙazanta, shi ya sa kowa yake ɓoyewa har ya gama da gida. Alhali shi ba datti yake ci ba, jini yake sha, kuma na mai tsafta da na ƙazami duk ɗaya ne a wurinsa. A cikin kaya yake tafiya: akwatin ɗan makarantar kwana da ya dawo hutu, kujerar da aka sayo ta hannu, kayan gwanjo, jakar da ta kwana a masaukin baƙi. A ƙarshen 2023 birnin Faris na Faransa kansa ya ɗauki kukan kuɗin cizo a jiragen ƙasa da gidajen kallo, har sai da gwamnati ta shiga maganar. Saboda haka abin da za ki gaya mata ba zagi ba ne, kuma ke ma ki fara yarda da hakan kafin ki buɗe baki.

Dalilin da ya sa maganar ba ta jira har su dawo yana cikin yadda ƙwaron yake hayayyafa. Macen tana saka ƙwai kaɗan-kaɗan kusan kullum, daga 1 zuwa 5, a ɗinkin katifa da tsagar katakon gado da bayan fuskar gado, har cikin soket na bango. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, kuma da ɗumi irin namu 'ya'yan ba sa wuce 'yan makonni sun fara saka nasu. Yana iya yin wata da watanni bai sha jini ba yana nan da ransa, don haka kulle ɗakin a ce yunwa ta kashe shi ɓata lokaci ne, bin bango zai yi ya tarar da ku a ɗakin da kuka koma. Yawancin maganin feshi kuma ba ya kashe ƙwan, shi ya sa masu feshin da suka san aikinsu suke dawowa karo na biyu bayan kamar mako biyu, su gama da waɗanda suka ƙyanƙyashe. Ki yi lissafi. Alhazanmu in sun sauko daga Arfa sukan daɗe a Makka suna jiran jirginsu, wasu har makonni. Wannan tazarar ita ce kaɗai lokacin da gidan yake ba yara ba baƙi, a fesa, a jira, a sake fesawa. In kin yi shiru ta wuce. Su sauka a filin jirgi, a kwaso yara daga Daura, a shigo da manyan jakunkuna a jingine a ɗakin, 'yan barka da sauka su cika kujeru kwana da kwanaki, kowa ya koma gida da dabino da zamzam da wata tsarabar da bai roƙa ba.

Tsoron da kike yi na a ce ke kika kawo, tsoro ne mai tushe, kuma shirun ne zai tabbatar da shi. Wadda ta yi magana tana cikin gidan, tararwa ta yi. Wadda aka gano bayan ta kwashe kayanta ta tafi, ita ta kawo, ko da kuwa ta rantse da Alƙur'ani. Ki koma ki duba ɗinkin katifar da haske sosai. In kin ga baƙaƙen ɗige-ɗige birjik sun bushe sun kama yadi, da ɓawon jikinsu da suka saɓe, da fararen ƙwai a lungun ɗinki, to zaman watanni ne, ba na kwanakinku ba. Wannan ne kaɗai hoton da na yarda ki ɗauka, kusa-kusa, ɗinkin katifa zalla, ba faɗin ɗaki da kayan wanki suna leƙowa a baya ba. Ita kaɗai za ki tura wa, in ta gani ki goge. Sannan ki yi adalci, ki sa mijinki ya je ya ɗaga katifarku ta gida shi ma ya duba. In akwai a can, magana ta canja, sai ki faɗa da bakinki kafin a faɗa miki.

Ni zatona ma ta sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yara ba sa kwana a katifa irin wannan uwa ba ta ga jikinsu ba. Wataƙila ta daɗe tana fama a ɓoye, yau kananzir, gobe shanya katifa a rana, kunya ta hana ta kiran mai feshi kada maƙwabta su gani. In haka ne, ba ta kyauta ba da ta ba mai goyo wannan ɗakin ba tare da ta ce uffan ba, wannan kam zan faɗa. Amma kada ki tambaye ta ko ta sani. In ta ce e, kin sa ta amsa laifi. In ta ce a'a, kin sa ta ƙarya tana ƙasa mai tsarki. Ki bar mata hanyar fita.

Ki kuma bari su gama ibada. Ranar 8 ga wata suna Mina, 9 suna Arfa, su kwana Muzdalifa, sai jifa har 12 ko 13. A kwanakin nan mutum ko cajin waya da ƙyar yake samu, kuma ba a kai wa wanda ya tara kuɗi shekara da shekaru don wannan tsayuwar labarin katifa. Jinkirin mako ɗaya ba zai rushe gida ba. In sun koma masauki a Makka sun huta, ki kira ta baki da baki. Kada ki rubuta, don rubutu ba shi da murya, kowa da yadda yake karanta shi, kuma ana turawa gaba. Zauren WhatsApp na dangi kuwa ko kusa. Ki yi mata barka da Arfa, ki tambayi gajiya, ki ba ta labarin Salla, sannan ki ce wani abu kamar haka:

"Yaya, akwai 'yar magana, tsakanina da ke ce. Kuɗin cizo sun shiga ɗakin yara, tun daren da muka zo suka ciji 'yar taki, ko akwatin makaranta ne ya kawo su, Allah masani. Na ce tunda gidan ba kowa, yanzu ne feshi zai fi sauƙi kafin a dawo da yara. In kin amince sai a nemo mai yi, in kuma kina da wanda kika saba da shi ki turo mini lambarsa. Sito ma ɓera ya shiga buhun shinkafa, na ware shi gefe, sai abin da kika ce."

Daga nan ki yi shiru ki saurara. Kin faɗi gaskiya duka, ba ki ambaci tsafta ba, hukunci kuma yana hannunta tunda gidanta ne.

Mijinki kara yake yi wa yayansa, kuma kara abu ne mai kyau, sai dai ya sa ta inda ba wurinta ba. Kada ki tsaya gardama da shi. Ki ja shi ki kai shi ƙofar ɗakin baƙi, ki nuna masa siririyar hanyar ƙasa da gara ta gina a jikin bango, ki ce ya ƙwanƙwasa katakon. Gara daga ciki take ci, ta bar fenti a waje yana ƙyalli, sai ranar da aka danna yatsa ya nutse. Ga damina ta kawo kai, ƙasa za ta jiƙe, lokacinta ke nan, kuma in ta gama da ƙofa katakon rufi za ta nufa. Wannan, da katin wuta, da naman firiza, da kuɗin feshi, tsakanin wa da ƙani ne, shi zai kira ya faɗa. Malamanmu suna karantarwa a babin ajiya cewa wanda aka ba ajiya ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ganin gara tana cin ƙofa a kawar da kai har wata guda sakaci ne, ko da kunya ce ta jawo shi. Yayan da ya dawo ya tarar ƙofa ta zube ba zai ce Allah ya yi wa ƙanena albarka ya yi mini kara ba. Cewa zai yi, kana ciki ba ka gani ba?

Naman firiza shi ne abin da ba ya jiran izinin kowa. A fitar da shi yau, mijinki yana tsaye, a lissafa abin da ke ciki, a binne ko a kai nesa. A wanke firizar da ruwan Hypo, a bar murfinta a buɗe ta sha iska. Ga naman layya yana tafe, dangi za su aiko da rabon masu gida, kada a zuba shi ciki sai an tabbatar warin ya fita kuma an sa kati.

Ɓera kuwa ina so ki ɗauke shi da muhimmanci, ba don in tsorata ki ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci. Ya fi ƙamari da rani, kuma jihohin Ondo da Edo da Bauci ne suka fi fama da shi, ba kowane ɓeran sito ne yake ɗauke da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa nuna alama mai tsanani, amma sauran yana jigata su, wasu har ya taɓa musu ji. Ko babu Lassa, shinkafar da ɓera ya yi fitsari a ciki ba abinci ba ce. Kada ki dafa, kada kuma a ce a ba almajirai. Wannan ɗabi'ar tamu ta mayar da ƙofar gida juji da sunan sadaka, aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana ta ƙarara, ta ce kada a nufi mummuna a ciyar daga gare shi. In za ki share siton, kada ki sa tsintsiya a busasshen kashi ƙura ta tashi ki shaƙa. Ki buɗe taga, ki sa takunkumi da safar hannu ko leda, ki jiƙa wurin da Hypo kashi 1 ruwa kashi 9, ki bar shi minti 5, sannan ki goge da tsumman da za ki yar. In wani a cikinku ya yi zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya cikin kwana 21 bayan nan, a je asibiti a kuma gaya wa likita maganar ɓeran. Ɓarnarsa ma ba ta tsaya ga abinci ba. Tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka umarci mutane su rufe ƙorai su kashe fitila in za su kwanta, don ɓera yana jan lagwani ya ƙona gida. Yau wayar wuta yake gwaguya a cikin silin, gobarar dai ita ce.

A nan ne za ki ce mini, ai Anti ɓeran da kyankyason ƙazantar ce ta kawo su, ta yaya zan faɗi ɗaya in bar ɗaya? Gaskiyarki, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Amma ana gyara wannan da hannu ba sai an yi wa'azi ba. In ta amince, mijinki ya shiga kasuwa ya sayo manyan robobi masu murfi a juye abin da ya tsira, a toshe ramuka da siminti da ragar ƙarfe, don ramin da ɗan yatsa zai shiga ya ishi ƙaramin ɓera. In ta dawo ta ga gero da wake a roba mai murfi ta gane karatun, ba ta buƙatar fassara. Kyankyasai ma ba duka laifinta ba ne. Banɗakin da aka daina shiga, ruwan da yake tsayawa a lanƙwasar bututu yana tare hanya yakan ƙafe, sai manyan su hauro daga rami. Ki riƙa zuba ruwa a kowane magudani duk bayan 'yan kwanaki ki rufe bakinsa. Ƙananan na kicin su ne masu naci, kwanson ƙwai ɗaya yana ɗauke da 30 zuwa 40, su kam sai mai feshi ya haɗa da su.

Abin da nake roƙonki da shi, kada ki ce za ki yi maganin abin da kanki a ɓoye don ki huta da magana. Na san dabarar da take zuwa wa mace a irin wannan hali: a sayo fiya-fiya a yayyafa, a watsa shinkafar ɓera a lunguna, a kulle ɗaki, shi ke nan ba wanda ya ji. Kina da goyo da yaro mai tsince-tsince a ƙasa. Sniper da ire-irensa maganin gona ne, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da shaguna barkatai, duk da har yanzu ana samunsa a bayan fage. Wanda ya fi shi haɗari ita ce ƙwayar nan mai ruwan toka da ake jefawa a buhun wake da masara, wadda wasu suke sawa a ƙarƙashin gado don kuɗin cizo. In ta ji danshi iskar guba take fitarwa, tana bi ta silin da ƙasan ƙofa ta shiga ɗakin da mutane suke barci, ba ta da makari, kuma yara take fara ɗauka. Shinkafar ɓera kuma, ban da haɗarinta ga yaro, ɓeran a silin zai je ya mutu, masu gida su dawo warin mushe ya yi musu maraba. Tarko da gam sun ishe ki kafin a sami izini.

Shi kansa mai feshin baƙo ne, kuma shigar da baƙo gidan amana ba da sanin masu shi ba wata ƙofar fitina ce. Ɗan kunne ɗaya ya ɓace, ko da tun bara ya ɓace, ke ce. Sai sun ce a kira, mijinki ya tsaya a kansa daga farko har ƙarshe, ya ga kwalbar maganin da lambar rajistarta, ya tambayi awa nawa za a yi kafin a shiga, a fitar da abinci da kayan yara. Abin da aka kashe a rubuta a takarda. Ɗakin uwargida da na maigida in a kulle suke ki bar su a kulle, ko da kin san inda mabuɗin yake. Ki dai gaya mata cewa mai feshi zai so ya duba su, don ƙwaron ba ya tsayawa ɗaki ɗaya, ita za ta ce a buɗe ko a bari sai ta dawo. Katifar ma ba ke za ki yanke mata hukuncin yarwa ba, balle a ba wani kyauta.

Tana iya yin fushi. Tana iya ce miki ita dai ta bar gidanta lafiya lau, ta kashe waya. Kada ki biye mata, kada ki fara lissafa tukwanen da kika wanke. Ki ce to Yaya, na dai ga ya kamata ki sani, Allah ya dawo da ku lafiya. Kunya ce take fitowa da kayan fushi, kuma tana da kwanaki a Makka da za ta huce ta yi tunani. In ta hana feshin, gidanta ne, amma jikin 'yarki naki ne, sai mijinki ya ci gaba da kwana a can ke ki koma ɗakinki. In Hajiya ta tambaye ki ya gidan, ki ce lafiya lau, ana dai shirin feshin ƙwari kafin su dawo. Gaskiya ce, kuma ta isa. Ƙanwarki da ta riga ta ji, ki ja mata kunne sosai.

Masu barin gida a hannun mutane, ku ma da ku nake. Wanda kuka ba mabuɗi, ƙani ne ko mai gadi ko ɗalibin da kuka ba ɗakin zaure, sau da yawa yana ganin ɓarna nauyin bakinku ya hana shi faɗa. Ku sauke masa nauyin tun kafin ku fita, ku ce duk abin da ka gani ka kira ni, ku bar kuɗin katin wuta, ku kwashe firiza, in kuma akwai ɗakin da kuka san yana da matsala ku faɗa.

Saura ke da kayanki. Kada ki ja katifar nan zuwa falo don ku canja wurin kwana, raba kuɗin cizon za ki yi gida duka, gidan sauro kuma ba ya tare su, a ɗinkinsa ma suke ɓuya. Duk abin da ya kwana a ɗakin nan, zannuwa da kayan yarinya da majanyi, ki wanke da ruwa mai zafi sosai, ki shanya, ki bi ɗinkin da dutsen guga. Abin da ba ya wankuwa, jaka da takalma, ki zazzage ki sa a baƙar leda ba tare da kin cusa da yawa ba, ki ɗaure bakin tam, ki ajiye a tsakar gida inda rana take duka tun hantsi har la'asar, kwana biyu ko uku, kina juyawa. Ranar komawa gida a tsakar gida za ki kwance kayan, ki duba ɗinki da zif ɗaya bayan ɗaya, wanda kika tabbatar da shi ne kawai zai shiga ɗaki. Kuma ki ci gaba da ɗaga katifarki kina dubawa duk mako har wata biyu.